Yadda na warware matsalar izini a firintar ofis ɗinmu

Firinta ɗaya ce muke amfani da ita a wajen aiki, an jona ta da kebul ɗin USB a kwamfutar sakatariya, daga nan aka raba ta wa sauran kwamfutocin ta netwok. Kwamfutar sakatariyar Windows 10 Pro ce a kanta, sunanta a netwok OFIS-GABA. An daɗe ana tafiya a haka babu wanda ya taɓa tambayar yadda aka saita abin tun farko, kowa dai ya danna firintin takarda ta fito shikenan, har ranar da aka kawo wa akanta sabuwar laftof mai Windows 11, ita kuma tace sam ba ta san zancen ba. Duk lokacin da aka yi ƙoƙarin haɗa ta sai ta rubuto cewa ba za ta iya haɗuwa da firintar ba, an hana ta shiga. Da yake ni ne nake ɗan taɓa harkar kwamfuta a wajen, ni aka ce in duba.

Kafin in taɓa komai sai da na je kan OFIS-GABA ɗin kanta na buga shafin gwaji, ya fito tas. To firinta lafiyarta ƙalau, direbanta ma lafiya, wato manhajar da kwamfuta ke sarrafa firintar da ita. Na dawo kan laftof ɗin na buɗe PowerShell, tagar da ake rubuta wa Windows umarni, na rubuta Test-NetConnection OFIS-GABA -Port 445, ta amsa da True, wato hanya a buɗe take, ba matsalar rawuta ba ce, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocin, ba kuma ta fayawol mai tare hanya don tsaro ba. Na kuma leƙa na tabbatar kwamfutar sakatariya ta ɗauki netwok ɗin a matsayin Private, don in ta ɗauke shi Public rufe ƙofar raba faya da firinta take yi gaba ɗaya, kuma hakan na yawan faruwa in an canza rawuta. Wannan ma daidai yake. Duk wannan bai ci min lokaci ba.

Sai na tafi inda kowa ke fara zuwa, wato Printer properties, shafin Security. A nan ne ake ganin wa aka ba me. Izini uku ne manya: Print don bugawa kawai, Manage this printer don canza saitin firintar da ma izinin wasu, sai Manage documents don dakatar da ko goge takardun da ke kan layi. Na duba na ga Everyone yana da Print, babu Deny ko ɗaya, komai yadda Windows ke saka shi da kanta. Akanta na tsaye a bayana yace, to Malam ai ga shi nan an rubuta kowa da kowa, ni ba na cikin kowa ne?

Gaskiya tambayarsa ita ce zuciyar matsalar baki ɗaya, kuma ita ce abin da nake so duk mai fama da irin wannan ya gane. Everyone ɗin nan yana nufin duk wanda kwamfutar ta riga ta karɓe shi da wani suna. Kafin a kai ga shafin Security akwai wata tambaya da ake yi a baya wadda ba ka gani: kai waye? Kamar ɗaki ne da aka rubuta a ƙofarsa kowa na iya shiga, amma ɗakin yana cikin gidan da maigadi ke tsaye a get yana neman katin shaida, in bai bar ka ka wuce ba rubutun ƙofar ɗakin bai amfane ka da komai ba. Don haka na daina kallon izinin firinta na koma neman da wane suna OFIS-GABA take ganin laftof ɗin.

Na danna madannin Windows da R na rubuta \\OFIS-GABA kai tsaye, ba tare da na bi ta wajen ƙara firinta ba. Wannan dabarar tana da amfani sosai domin saƙon da za ta ba ka ya fi na wajen ƙara firinta bayani nesa ba kusa ba. Ai kuwa sai ga shi ta rubuto cewa dokokin tsaro sun hana shiga a matsayin baƙon da ba a tantance ba. A nan na gane yadda ofis ɗin yake tafiya duk tsawon lokacin nan. Wanda ya fara saitawa ya kashe Password protected sharing, don haka duk kwamfutar da ta zo ana karɓarta ne a matsayin Guest, ba suna ba fasuwod. Tsofaffin kwamfutocin sun yarda da hakan, sabuwar ce ta ƙi. Tun Windows 10 na 1709 da ya fito a 2017 aka rufe irin wannan shiga ta baƙo a nau'in Enterprise da Education, sai a Windows 11 na 24H2 da ya fito a 2024 aka haɗa har da Pro, kuma aka wajabta sa hannu a kan saƙonnin SMB, wato yaren da kwamfutocin Windows ke raba faya da shi, shi kuwa Guest ba ya iya wannan sa hannun. Laftof ɗin akanta Pro ce kuma 24H2.

Akwai hanya mai sauƙi da mutane da yawa ke bi, su shiga gpedit, wajen saita dokokin Windows, su kunna shigar baƙo su kashe sa hannun, minti biyu an gama. Ni ban bi ta ba kuma ba na ba kowa shawarar ya bi. Laftof ce fa, gobe za a ɗauke ta a jona ta da Wi-Fi ɗin wani waje, kuma dalilin rufe abin shi ne kada wata kwamfutar bogi ta yi shigar wadda kake nema ta karɓe ka ba tambaya ta miƙo maka abin da ta ga dama. Kwamfutar da ke ɗauke da lissafin kuɗin ma'aikata ba ita ce za a cire wa kariya saboda firinta ba. Gyaran da ya dace a ɗaya ɓangaren yake, a ba kowa suna a kan OFIS-GABA.

Na shiga da akawun ɗin admin na buɗe lusrmgr.msc, wajen ƙirƙirar akawun, wanda yake akwai a Pro amma babu a Home, na ƙirƙiri akawun na talaka ba na admin ba. Akwai ƙananan abubuwa a nan da suke kayar da mutane. In kana ƙirƙirar akawun za ka tarar an riga an yi maki a kan cewa sai mutum ya canza fasuwod a shigarsa ta farko, in ka bar shi haka shiga ta netwok ba za ta yiwu ba domin babu inda zai canza shi daga nesa, dole ka cire makin. Sannan akawun mara fasuwod ba ya shiga ta netwok ko kaɗan, Windows ta taƙaita shi ga wanda ke zaune a gaban kwamfutar kawai. Sai kuma maganar ƙarewar wa'adi, a yadda Windows ta zo fasuwod ɗin irin wannan akawun kwana 42 yake yi ya mutu, wato za ka gyara yau kowa ya yi ta godiya, bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki firinta ta sake tsayawa babu wanda zai tuna dalili. Na yi maki a kan Password never expires na kuma sa fasuwod mai tsawo.

Da farko Oga yace a yi akawun ɗaya kawai kowa ya yi amfani da shi, ya fi sauƙi. Nace ranka ya daɗe zai yi aiki, amma akwai abin da za mu rasa. A shafin Security akwai wani mai suna CREATOR OWNER da aka ba Manage documents, ma'anarsa duk wanda ya turo takarda shi ke da iko da takardarsa. In kowa da suna ɗaya yake shigowa to kowa ya zama mai takardar kowa, wani zai iya goge aikin wani daga layi, kuma ranar da kake son sanin wa ya buga shafi ɗari a dare suna ɗaya za ka gani. Ranar da ma'aikaci ya bar aiki kuma sai an bi kwamfuta ɗaya bayan ɗaya ana canza fasuwod. Ya ɗan yi shiru yace to yi yadda ka ga ya dace. Na yi wa kowa nasa.

Bayan nan na kunna Password protected sharing, na koma kan laftof na sake rubuta \\OFIS-GABA, wannan karon ta tambayi suna da fasuwod. Akanta ya miƙo hannu zai sa lambar PIN ɗin da yake buɗe laftof ɗinsa da ita, nace a'a Yallaɓai, PIN ɗin nan a jikin laftof ɗinka kaɗai yake aiki, waccan kwamfutar ba ta san shi ba. Sunan da za a rubuta shi ne na akawun ɗin da ke can, kuma a rubuta shi da sunan kwamfutar a gaba, OFIS-GABA\ sannan sunan, in ba haka ba laftof ɗin za ta iya tura sunan a matsayin nata na gida. Muka sa, na yi maki a kan ta riƙe, taga ta buɗe ga firinta nan.

Na danna mata Connect sai ga wani shingen, wai sai admin ya amince kafin a sa direba. Wannan ba kuskure ba ne, haka aka tsara shi. A 2021 ne aka gano wata ɓaraka babba a sashen Print Spooler mai kula da layin takardun da za a buga, wadda aka yi wa laƙabi da PrintNightmare, ta inda mugu zai iya amfani da hanyar sa direban firinta ya ƙwace kwamfuta gaba ɗaya, domin direban firinta da iko mai girma yake aiki a cikin Windows. Daga afdet ɗin watan Agusta na shekarar aka mayar da shi sai admin ne kaɗai zai sa direban da ya zo daga wata kwamfuta. Akwai wani makulli a rajista, wato ma'ajiyar saitin Windows, mai suna RestrictDriverInstallationToAdministrators da ake mayarwa 0 don a koma yadda ake da, ban taɓa shi ba. Na sauko da direban daga shafin kamfanin da ya ƙera firintar, na tabbatar irin wanda ke kan OFIS-GABA ne, na sa shi da akawun ɗin admin, sannan na sake Connect. Shafin gwaji ya fito. Akanta yace Allah ya saka, ya ɗauki laftof ɗinsa ya wuce.

Amma fa aiki bai ƙare ba, don kunna fasuwod ɗin da na yi ya sa duk sauran kwamfutocin da suka saba shiga a matsayin baƙi sun tsaya, na san za a yi haka shi ya sa na zaɓi lokacin da babu takardu da yawa. Na bi su ina sa wa kowa sunansa. Yawancinsu sun wuce ba gardama, guda biyu ne suka ba ni aiki.

Ta farkon ko tambayar fasuwod ba ta yi, kai tsaye take cewa an hana. In kwamfuta ta ƙi ka ba tare da ta tambaye ka komai ba to akwai wani suna da take turawa a ɓoye. Maimakon in yi ta hasashe sai na koma OFIS-GABA na buɗe Event Viewer, inda Windows ke rubuta abubuwan da suka faru, ɓangaren Security, na nemi lamba 4625 wadda ita ce shaidar an yi yunƙurin shiga an kasa. Wallahi wannan wajen mutane ba sa ba shi haƙƙinsa, domin a rubuce yake ƙarara, ga sunan da aka turo, ga kwamfutar da ta turo shi, ga dalilin ƙi. Sunan da na gani na wani ma'aikaci ne da ya daɗe da barin wajen. A wani zamani an taɓa ajiye sunansa a Credential Manager na waccan kwamfutar, wato inda Windows ke ajiye suna da fasuwod, lokacin da ƙofar baƙo take buɗe in sunan bai yi ba sai a karɓe ta a matsayin Guest ba wanda ya lura, yanzu da aka rufe sai asiri ya tonu. Na shiga Windows Credentials na goge tsohon na sa sabo. Na gwada sai ta kawo kuskure mai lamba 1219, wanda ke cewa ba a yarda mutum ɗaya ya haɗu da kwamfuta ɗaya da sunaye biyu a lokaci guda ba, tsohuwar haɗuwar ce ba ta saki ba. Na rubuta net use * /delete na yi mata ristat, ta shiga. Wani abin lura kuma, Windows tana ɗaukar sunan kwamfuta da lambar IP ɗinta, wato adireshinta a netwok, a matsayin wurare biyu daban wajen ajiye fasuwod, in ka ajiye da suna amma firintar da IP aka haɗa ta to ba za ta yi amfani da wanda ka ajiye ba. Na tsayar da doka ɗaya, kowa ya haɗa da sunan kwamfutar, ba da IP ba.

Ta biyun kuma fasuwod ya shiga, tana ganin firintar, amma Connect sai ya kawo 0x0000011b. Wannan lambar ta yi suna tun watan Satumba na 2021, lokacin da aka tilasta ƙarin kariya a kan maganar da kwamfutoci ke yi da juna wajen firintin. Kwamfutar da ta samu afdet tana neman a yi magana a rufe, wadda ba ta samu ba kuma ba ta iya ba. Na duba na ga wannan kwamfutar an daɗe rabon da a yi mata afdet, mai ita ya dakatar da shi wai yana cinye masa data. A nan ma akwai makullin rajista da ake yawan cewa a mayar 0, RpcAuthnLevelPrivacyEnabled, kuma a kan kwamfutar da ke riƙe da firinta ake yinsa, wato a rage wa mai lafiya kariya don ta yi daidai da wadda aka bari a baya. Na bar ta ta sauke afdet ɗinta har ya ƙare, ta yi ristat ɗinta, lambar ta ɓace.

Sai a lokacin na dawo shafin Security, don yanzu ne yake da ma'ana tunda kowa na da suna. Oga dama yana ƙorafin tawada na ƙarewa da wuri, yana so ma'aikata kaɗai su riƙa bugawa banda masu zuwa na ɗan lokaci. Shawararsa ita ce a sa Deny a kan Everyone sannan a ba waɗanda ake so Allow. Nace Oga in na yi haka har kai ba za ka buga ba, domin a Windows Deny yana danne Allow, kuma kai ma kana cikin Everyone, ni ma haka, admin ma haka. Hana mutum ba ya buƙatar Deny, rashin sa sunansa kaɗai ya isa. Na ƙirƙiri rukuni na sa masa suna MasuBugawa, na zuba akawun ɗin ma'aikata a ciki, na ba rukunin Print, sannan na cire Everyone daga jerin. Na bar Administrators da CREATOR OWNER yadda suke. Amfanin rukuni shi ne gobe in an ɗauki sabon ma'aikaci ba sai an taɓa firinta ba, a sa shi a rukuni kawai. Wanda aka ƙara a rukuni kuma sai ya fita ya sake shiga kafin abin ya kama shi, domin a lokacin shiga ne ake lissafa rukunonin mutum, na ga wanda ya kusa rushe saitin da ya yi daidai saboda bai san wannan ba.

Sakatariya ma na sa akawun ɗinta a rukunin, don ita ma Everyone ɗin ne yake ba ta damar bugawa duk da cewa a gaban kwamfutar take zaune. Tace min Malam tunda kana nan, me ya sa in takardar wani ta maƙale a layi ba na iya cire ta, sai in zauna ina kallo kowa na jira? Dalilin shi ne akawun ɗinta na talaka ne, ikonta a kan takardunta kaɗai ya tsaya. Nace Hajiya yanzu za a gyara, na ƙara sunanta na ba ta Manage documents, ban ba ta Manage this printer ba tunda aikinta bai kai ga canza izinin mutane ba. Na faɗa mata kuma akwai irin maƙalewar da ko an danna Cancel ba ta tafiya, wannan sai an tsayar da Print Spooler an share abin da ke cikin C:\Windows\System32\spool\PRINTERS an sake tayar da shi, kuma aikin admin ne, in ta ga haka ta kira ni.

Saboda maganar tawada na kunna wa Oga wani kundi a Event Viewer, a ƙarƙashin PrintService akwai Operational wanda a kashe yake zuwa. In ka kunna shi duk takardar da aka buga tana barin shaida mai lamba 307 da sunan mai ita da yawan shafuka. Na ce masa ya kamata a sanar da ma'aikata cewa an kunna, bai dace a riƙa lissafa wa mutane abu ba su sani ba, ya yarda ya faɗa musu da kansa.

Wani abokin aiki ya tambaye ni me ya sa ba za a jona firintar da rawuta kai tsaye ba tunda tana da ramin kebul ɗin netwok, a huta da duk wannan. Tambaya ce mai kyau kuma a wasu wuraren shi ne ya fi. Sai dai in aka yi haka duk izinin da muka tsara a Windows ya tashi a banza, domin yawancin firintoci suna karɓar aiki ta tashar 9100 ba tare da sun tambayi kowa suna ba, duk wanda ya hau Wi-Fi ɗin ya san IP ɗinta zai buga. In ana son takura a wannan tsarin sai dai a shiga shafin saitin firintar kanta a ga ko tana da tace IP ko lambar sirri ta kowane mutum, kuma ba kowace ke da su ba. Tunda abin da Oga ke so shi ne sanin wa ke bugawa, muka bar ta a jikin OFIS-GABA.

Barin ta a can yana da sharuɗɗansa. Dole kwamfutar ta kasance a kunne, don haka na hana ta yin barci in tana kan wuta, allon kawai ke mutuwa. Windows ɗin da ba na Server ba, irin namu, haɗuwa 20 yake ɗauka a lokaci guda, mu ba mu kai nan ba amma na faɗa wa Oga ya sani in ofis ya girma. Na kuma tuna masa cewa tallafin Windows 10 ya zo ƙarshe ranar 14 ga Oktoba 2025, kwamfutar sakatariya na buƙatar a ɗaga ta ko a canza ta, kuma in sabuwa aka kawo akawun ɗin nan da rukunin ba za su biyo ta da kansu ba, sai an sake ƙirƙirarsu. Na rubuta sunan kwamfutar da sunan rukunin da jerin akawun da irin direban a takarda ɗaya na ba shi ya ajiye, banda fasuwod, wannan kowa ya riƙe nasa.